Hannuna a Bakin Saniya

Shekarar da na fara karatun likitancin dabbobi daga nesa, ina zaune wurin goggona a unguwar Kirkisoye, a hayin kogi. Malaminmu yana wata ƙasa, mu ɗalibai muna warwatse, kowa da salularsa. Duk abin da na sani game da cikin saniya a hoto na gan shi, amma unguwa ta riga ta laƙaba mini "likita".

Wata safiya maƙwabcinmu, wani dattijo mai shanu biyu a bayan gida, ya yi sallama.

"Ƴata, zo ki duba mini saniyar nan. Tun jiya ba ci ba sha, sai dalalar da yawu. Ina jin ƙwallon mangwaro ne ya maƙale mata."

Na same ta tana wani kuka a shaƙe. Ya riƙe ƙahonta, na tura hannuna tsirara cikin bakinta har maƙogwaro. Ban taɓo komai ba, sai dai turamen haƙoranta sun kurje mini bayan hannu. Na ɗauraye da ruwan buta na koma gida.

Da la'asar muna cikin darasi ta bidiyo na ba malam labari, har da ɗan alfahari.

"Kare ya taɓa cizon ta?" ya tambaye ni.

Kafin in amsa rezo, wato layin intanet, ya yanke, fuskarsa ta tsaya cik, baki a buɗe. Na fita ko takalmi babu.

"Baba, kare ya taɓa cizon saniyar nan?"

"Ƙwarai. Kwanakin baya wani baƙon kare ya cije ta a hanci. Ai wurin ya warke."

Ina komawa saƙon murya ya shigo. Malam ya ce yana zargin ciwon haukan kare ne, in wanke hannun da sabulu in daɗe ina wankewa, in tafi asibiti a yi mini allura yanzu, kada in jira gobe. Na san sauran bayanin ba sai ya faɗa ba: idan alamu suka bayyana, irin su kasa haɗiyar ruwa, babu magani.

Muka tari taksi da goggo. A kan gada motoci suka cushe har Gaweye, can ƙetaren kogi. Na zuba wa kogi ido ina haɗiyar yawu, ina gwada ko maƙogwarona zai ƙi. Goggo ta damƙe ɗaya hannun nawa, bakinta yana motsi da addu'a.

An yi mini allurar farko kafin magariba. Washegari na tarar da dattijon yana wasa wuƙa, zai yanka ta kafin ta zama mushe.

"Baba, don girman Allah kada kowa ya ci naman nan. Kai ma yawunta ya taɓa ka."

Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ajiye wuƙar. Da ƙyar ƴaƴansa suka kai shi asibiti. Saniyar ta mutu, ma'aikatan kiwo suka yanke kanta suka tafi da shi, gwaji ya tabbatar da zargin malam.

Na gama allurai, tsoron bai tafi ba. Ɗan ciwon kai sai in ce shi ke nan. Goggo kuwa, duk lokacin da na ɗauki moɗa sai ta bar abin da take yi har ta ga ruwan ya wuce. Haka muka yi har damina ta fita.