Ɗan Takara a Gonar Shinkafa

Shekarar da siyasa ta raba Baba da maƙwabcinmu a Gulma, gaisuwa kaɗai ta rage tsakaninsu. Don tsokana, Baba ya samo riga mai hoton ɗan takarar maƙwabcin, ya sa wa mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye a fadamarmu.

Abin kamar wasa, tsuntsaye suka ƙaurace wa shinkafarmu, suka koma kan ta maƙwabcin. Bayan girbi sai ga shi har zaurenmu.

Ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, namu ya yi aiki ko bai yi ba?"

Baba ya daɗe yana susar gemu, sannan ya ce, "Wallahi ya yi. Shi ya sa ba ni zaɓe nai. In ya tafi Birnin Kebbi, wa za ya tsare min shinkafa?"