Maɓallin da ke Kafaɗar Dama

Mun tashi daga Mansur, unguwarmu a Makka, da asuba, ana sallame salla, mu uku: ni, da abokina makanike wanda muka kwashe shekara biyu muna tayar da motar tare, da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura saba'in. Ɗa'ifa muka nufa, inda masu sha'awar tsofaffin motoci suka shirya haɗuwa. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk wanda ya zo da mota ya zo cikin tufafin zamaninta. Wanda bai cika sharaɗi ba, motarsa ba za ta shiga jeri ba, sai dai ta tsaya a waje tare da na 'yan kallo.

Motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Doguwa ce, ruwan madara, ƙirar Amurka, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma giyarta a jikin sitiyari take, ba a ƙasa ba. Baba ya yi shekaru yana tuƙa ta wa wani attajirin Makka, yana kai iyalinsa da baƙinsa Mina da Arfa da Jidda. Da tsufa ya kama su duka uku, attajirin da direban da motar, sai ya bar masa ita. Ta jima a ƙarƙashin tamfol, maguna suna haihuwa a cikinta, kafin na yi zuciya na yaye tamfol ɗin.

Rigimar ta fara ne mako guda kafin tafiya. Kowa a zaurenmu na waya ya ɗauka tufafin zamani yana nufin kayan mutanen Hijaz na da: farar jallabiya, falmaran a kai, da rawani mai ruwan ɗorawa. Abokina ya je kasuwa ya sayo saiti guda, ya ce in zo ya raka ni. Ni kuwa na buɗe akwatin Baba na ɗauko abin da na tashi na gan shi yana sawa a bayan wannan sitiyarin: babbar riga ta saƙi mai aska biyu, da wando, da jar dara. Na kai wa tela ya gyara inda asu ya taɓa. Telan ya nuna mini wani ɗan madauki da maɓalli a kafaɗar dama, ita kaɗai, babu irinsa a ta hagu. Ya ce ba ya cikin ɗinkin asali, ko ya cire? Ban san amfaninsa ba, amma na ce ya bar wa mai riga abinsa.

Gwaggo ce ta fi kowa tayar da hankali. Ta ce shekara sittin suna lallaɓawa a garin nan, ba su ɗaga murya a layi, ba su sa abin da zai ja ido, yanzu ni zan yi shigar angon ƙauye in hau titi ana nuna mu da baki ana cewa ga Takari. Kalmar da ake kiran irinmu da ita ke nan, baƙaƙen da suka zo daga yamma suka zauna, ko da a nan aka yanke maka cibi kamar ni. Na ce mata igamata, takardar izinin zama, tana aljihu, takardun mota suna nan, ban saci rigar kowa ba. Ta ce takarda ba ta hana raini. Na ce ɓuya ma ba ta hana shi ba, ai mun gwada. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba, sai ga ta ranar tafiya a bakin gareji da abayarta da butar shayi. Wai ta zo ne don in an kama ni a samu mai kai labari gida.

Mun bi ta gefen Mina da Muzdalifa gari yana wayewa. Wanda ya san wuraren nan a lokacin aikin Hajji kaɗai ba zai gane su ba. Tantuna fari fat har iyakar ganinka, babu kowa, titi fetal. Motar ta ji daɗin haka, ta riƙa gurnani irin na dattijon da aka ba shi fili. Kafin gindin dutsen da ake hawa zuwa Ɗa'ifa muka tsaya a wani ɗan shago muka karya da wake da gurasar tamis mai zafi, ta riyal ɗai-ɗai, da shayi mai na'ana'a. Mai shagon ya leƙo ya kalli motar, ya kalle ni, ya tambayi abokina ko wasan kwaikwayo muke ɗauka. Abokina ya yi dariya, ni ban yi ba. A nan na hango takardar farashi tana lilo a ƙeyar falmaransa, na yi niyyar gaya masa, sai na tuna dariyar, na ci gaba da shan shayina.

A shingen bincike Gwaggo ta fara salati ƙasa-ƙasa tun daga nesa. Askar ɗin, wato jami'in tsaron, matashi ne. Ya karɓi takardu ya duba ya miƙo, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce ma sha Allah, kakansa ya taɓa yin irinta, ya ɗaga mana hannu. Na juya na kalli Gwaggo. Ta ce in kalli gabana, tafiya ba ta ƙare ba.

Hawan dutsen Hada shi ne jarrabawar. Hanyar tana da kyau, amma murɗe take, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗayan. Sababbin motoci suna wuce mu fuu, yara suna ɗaukar mu hoto ta taga. Ga birai a kan katangar hanya suna jiran a jefa musu ayaba, irin manyan nan masu jan baya. Sunansu na Hausa ya zo mini har bakina, na tuna wadda ke zaune a bayana, na haɗiye. Abokina ya gane, ya toshe baki da rawaninsa.

A wata kwana mai tsauri na kai hannu zan sauke giya, sai hannun rigar ya zamo daga kafaɗata ya naɗe sandar. Na ja, ya ƙi. Giya ta tsaya a tsakani, motar ta yi tari ta mutu, ta fara silalowa baya. Na taka birki da duk ƙarfina, abokina ya finciko birkin hannu. Muka tsaya, bayanmu wata babbar mota tana danna oda. Gumi ya jiƙa darar. A raina na ce shi ke nan, Gwaggo ta samu abin da za ta riƙa faɗa har ƙarshen rayuwata.

Ba ta yi faɗa ba. Hannunta kawai na ji a kafaɗata. Ta tattara hannun rigar, ta ninke shi sau uku, ta zagayo da madaukin nan ta ɓalla maɓallin, cikin daƙiƙa kaɗan, ba ta ko duba ba.

"Mutum ya sa riga bai san aikinta ba," in ji ta. "Yalla, tayar."

Na tayar. Hannuna ya fita fes, giya ta shiga kamar an shafa mata man shanu. Muna ci gaba da hawa ta buɗe baki. Ta ce a wannan dutsen, a shekarar farko da Yayanta ya fara tuƙa motar, haka rigar ta yi masa, da uwargidan attajirin a baya. Da suka dawo, attajirin ya aiko masa da jallabiya biyu, ya ce ya daina sa wannan buhun. Baba ya karɓa ya yi godiya ya ninke su a akwati, ya miƙo wa Gwaggo rigarsa da allura, lokacin ba ta fi shekara goma sha biyu ba. Ita ta ɗinka madaukin, maɓallin kuma daga tsohon kwat ɗin wani alhaji ta ciro shi. Duk rigunansa haka ta yi musu. Shekara hamsin da ɗoriya ina ɗan mutumin nan, ban san wannan ba.

A saman dutsen iska ta canza, sanyi mai daɗi, har da ɗan hazo. Muka sayi gasasshiyar masara da rumman a bakin hanya. Masu sayarwa sun ga tsohuwar mota sun ɗauka masu kuɗi ne, suka ninka farashi, Gwaggo ta sauke gilashi ta mayar da su hankalinsu da Larabcin mutanen Makka na da, wanda jikokinsu ma ba su iya ba.

Filin haɗuwar yana bayan gari. Motoci sun kai talatin, sai sheƙi suke, masu su duk cikin falmaran da rawani, kai ka ce shago ɗaya ya yi musu, kuma ina zargin hakan ne. A bakin ƙofa wani matashi mai riƙe da takardar sunaye ya tare mu. Yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya yaba motar, sannan ya dubi rigata ya ce, "Ya ammi, baffana, kayan nan suna da kyau, amma na Afirka ne. Mu na ƙasar nan muke nufi, na zamanin motar." Ya ba da shawara abokina ya shiga da ita tunda shi ya cika sharaɗi, ni in bi ta ƙofar 'yan kallo.

Na kashe mota na cire makulli na sa a aljihu. Na ce masa mutumin da ya tuƙa motar nan shekara talatin a tsakanin Makka da Arfa, a cikin wannan rigar ya tuƙa ta, kuma ko dai mu shiga tare, ni da ita da rigar, ko mu juya tare. Motoci suka fara taruwa a bayanmu. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Na ce ni ma ba ni na ɗinka tarihin ba. Abokina yana ta taɓa ni yana cewa halas, ya isa haka, mu bar maganar.

Sai na ji ƙofar baya ta buɗe. Gwaggo, wadda ba ta taɓa tsayawa gaban mai riƙe da takarda ba sai da salati a bakinta, ta fito ta dogara da motar. Ta ce wa yaron ya matso. Ta zuro hannu ta taga ta ɓalle maɓallin, ta ce in sa giya. Rigar ta naɗe sandar. Ta mayar da shi, ta ce in sake. Giya ta shiga.

"Ka gani, ɗana?" ta ce masa da Larabci. "Ni na ɗinka wannan, a Makka, saboda wannan motar, tun ba a haifi babanka ba. Nuna mini rigar da aka ɗinka wa mota a cikin filin nan, ban da ita."

Kafin ya amsa ta miƙa hannu ta tsinke takardar farashin da ke ƙeyar abokina, ta danƙa wa yaron a tafin hannu. Waɗanda suka taru suka fashe da dariya, har da shi, har da abokina bayan ya gama jin kunya. Yaron ya je ya yi magana da manyansu, ya dawo ya ɗaga igiyar da ta tare ƙofa. A ƙarshen jeri suka ajiye mu, kusa da inda ake dafa shayi. Ban damu ba, cikin jeri ne. Kyauta ba mu samu ba, wata jar mota mai buɗaɗɗen kai ta ɗauka. Amma na ɓalle maɓallin nan na mayar ya fi sau ashirin saboda masu tambaya, kuma duk wanda ya tambaya sai da ya ji wane ne Baba.

Mun ci shinkafar madara da kaza irin ta mutanen Ɗa'ifa, muka yi azahar da la'asar, muka gangaro a hankali da giya ta biyu, birki yana ƙauri. Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Na ɗauka taurin kaina sabon abu ne a gidanmu, ashe gado na ci, kuma na Baba ya fi nawa hankali. Bai bar rigarsa saboda motar ba, bai bar motar saboda rigarsa ba. Maɓalli ya sa aka ƙara.

Mun shigo Mansur gab da magariba, lokacin da titi ya fi cika, masu tsire suna hura wuta, mata suna kwashe kayan talla. Na karya kan mota zan bi ta lungun baya zuwa gareji, don kada in ƙara wa Gwaggo abin magana a unguwa, na kai hannu zan cire darar. Ta buge hannun.

"Bar hularka a kanka. Bi ta babban titi," ta ce, tana sauke gilashinta har ƙasa. "Kuma kada ka yi sauri."