Turmin Da Ka Ce Nawa Ne

"Turmin gaba naki ne, Malama." Haka ka ce mini, Baban Iliya, a tsakar gidanmu na Gummi, ranar da turmina na aure ya tsage har gindi, gero yana zuba ta ƙasa. Ka duƙa ka shafa tsagar, ka ce ka ga wata kirya a bakin rafi da ta isa sara. Iliya yana firamare a lokacin. Yau yana da gemu. Turmin bai zo ba, kai kuma ka tafi.

Ga waɗanda labari bai kai musu ba: Ubangiji ya kira mijina, Malam Irmiya Makau, mai bishara kuma masassaƙi, ranar Talata, tara ga Satumba, 2025, a asibiti a Anka, bayan ciwon ƙoda da ya ɓoye mini har sai da ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmi. Washegari muka binne shi a Gummi. Rabaran ya roƙe ni in rubuta ta'aziyyar da za a karanta a majami'a, ya ƙara da cewa in tausasa. Na ce zan rubuta. Tausasawar ban yi alkawarinta ba, domin ni in na yi alkawari ina cikawa.

Bari in fara da alherinka, tunda shi ne ya cika gidana kwanakin makoki har babu wurin shimfiɗa tabarma.

Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ikilisiya ta tura ka Tungar Daji ka riƙa yi wa 'yan tsirarun Kiristocin da suka je aikin zinari sujada. Wata uku aka ce. Ka tarar ana binne yara. Maza suna kawo dutsen zinari gida, mata suna daka shi a turmin da za su daka hatsi da yamma. Ma'aikatan lafiya sun zo, an kankare ƙasar gidaje, an ba yara magani. Kai kuma da idonka na masassaƙi ka ga abin da ya rage: ƙurar ta shige cikin naman itacen, wanki ba ya fitar da ita. Ka ɗauki gatari da gizago ka shiga daji tare da maƙwabcinka Malam Jibo. Ka kafa doka guda: duk matar da ta kawo tsohon turminta mai guba aka jefa shi a rami aka rufe, za ka sassaƙa mata sabo kyauta. Ba ka tambayi kowa addininta ba. Masu zuwa sujadarka ba su cika benci biyu ba, amma turamenka sun kai har Gwashi da Nasarawa Burkullu.

Wata ukun nan su ne suka zama sauran rayuwarka.

Mutanen Tungar Daji sun zo mini gaisuwa a kan babura, ta hanyar da kowa ke tsoro saboda 'yan bindiga. Limaminsu ya zo. Ya ce duk juma'a kai ne kake tsare musu dabbobi har a sauko daga masallaci, su kuma sukan hana injin niƙa tashi ranar Lahadi da safe don kada ya rufe muryarka. Wani dattijo ya ce ka goya jikansa a bayanka ka ƙetare rafi da shi ruwa har ƙirji. Wata ta ce kana ba yara labarin dabbobi har su yi ta birgima don dariya. Na zauna ina amsa "mun gode". Dariya? Ni mutumin da na sani yakan iso gida da ƙura har gira, ya ci tuwo yana gyangyaɗi, ya yi addu'a, ya kwanta, gari na wayewa ya ɗaure kaya a babur. Ashe kana da labarai. Ashe kana da baya mai goyo. 'Yarmu Rahila ta yi zazzaɓin da ya kusa tafiya da ita, ni na goya ta zuwa asibiti, kai kana can kana ƙetare rafi da ɗan wani.

Ban ɓoye ba, kishi nake yi. Ina kishin kowace mace da ta zauna a tabarmata tana kuka tana cewa, "Malam ya sassaƙa mini turmi." Ni matar Malam, a gidan maƙwabta nake aro, in jira su gama surfe sannan in yi nawa. Duk zuwanka sai na tuna maka, kai kuma amsarka ɗaya: "Naki tsagewa kawai ya yi, Malama, ba ya kisa. Bari in fidda na gidan da ke da jariri." Laifin turmina shi ne ba shi da guba. Akwai ranar da na ce maka zan sayo dutsen nan in daka a ciki don in shiga layi. Ka yi dariya, ka ce bakin malamar makaranta ya fi gizago kaifi. Ni ba wasa nake yi ba.

Za a ce ai da na sayi na kasuwa. Na ƙi. Da na saya, da na yafe maka alkawarin, kuma shi kaɗai ne abin da nake riƙe da kai da shi.

Kullum in na matsa ka dawo gida, sai ka ce, "Namu biyayya ce, alkawari na Ubangiji ne." Jiya ma Rabaran ya maimaita mini irin wannan, kamar ban taɓa buɗe Maganar Allah ba. Na karanta ta daga bango zuwa bango, na koyar da ita ga yaran da yanzu suke wa'azi. Na san an ce wa Ibrahim ya tashi, ya tashi bai tambayi ina ba, kuma kowa yana yabonsa. Ban ga inda aka tambayi Saratu ba, ita da ta naɗe kayan. Ta jira alkawari har ta tsufa, ranar da ta yi dariya kuma ita aka tuhuma. Na daɗe da gane dariyar nan. Ba dariyar rashin bangaskiya ba ce, dariyar matar da aka ce wa "nan gaba" ce har ta haddace.

Ban ce Ubangiji ya yi ƙarya ba, kada wani ya ɗauki maganata ya kai gaba. Na ga alkawarinsa ya cika da idona. Samari da 'yan mata sun shigo gidana da ƙafafunsu, masu lafiya, aka ce mini waɗannan su ne jariran waccan shekara. Biyayyarka ta yi 'ya'ya. Amma a gidajen wasu ta yi su. Kai ka yi biyayya ka sami suna, yanzu kuma ka sami hutun da ka ƙi yi a ɗakina. Ni ma na yi biyayya, na tsare gida, na tsare yara, na tsare bakina a gaban ikilisiya, abin da na samu shi ne jakar kayan aikinka da takalman da suka ƙi shigarka. Har Ubangijin ma ina kishinsa, ya kuma sani, domin na gaya masa a addu'a ba sau ɗaya ba. Ya same ka da ƙarfinka, yanzu ya same ka gaba ɗaya. Shi yana da har abada, yana iya jira. Ni ce ba ni da ita.

Yanzu ga abin da ya hana ni tausasawa. Da Malam Jibo ya kawo jakarka, ya ce akwai turmi guda a bakin bukkarka, na kirya, ka fafe cikinsa rabi ciwo ya kayar da kai. Na tambaye shi na wa ne. Ya ce, "Wallahi Maman Iliya, bai hwaɗa man ba. Shi dai ya fi kowane ɗaukar mai lokaci." Kafin in buɗe baki, Sahura, matar da ta rasa 'ya'ya biyu a shekarar gubar, ta matso ta kama hannuna. Ta ce, "Matar Malam, turmin ga na ɗiyata Fa'iza na. Bayan kaka za mu kai ta ɗaki, shi da bakinai ya ce zai yi mata."

Sahura, na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Ya yi miki alkawari, na san halinsa, bakinsa bai iya cewa a'a ba sai a gidansa. Na kuma san abin da kika binne, ban raina shi ba. Amma dokarsa ita ce sabo a madadin mai guba, Fa'iza kuwa ba ta da tsohon turmi, ba ta da guba, kamar ni. Idan layin marasa guba ya buɗe, ni ce a gaba. Ana goyon Fa'iza aka yi mini nawa alkawarin.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Irmiya cikin hutunka. Ka gafarta masa kurakuransa saboda Yesu Almasihu, har da wannan da ni ban gama gafartawa ba. Ka tashe shi a rana ta ƙarshe da ƙafafu marasa kumburi. Ka ba ni zuciyar da zan yi marmarin ganinsa ba tare da faɗa a bakina ba, domin yanzu ba ni da ita. Ina yi wa Inna, mahaifiyarsa, ta'aziyya, ita da ta riga ni sanin zafin raba shi da jama'a. Iliya da Rahila, ubanku mutumin kirki ne, kada fushina ya rage muku shi ko kaɗan. Ina yi wa ƙaramar ikilisiyar Tungar Daji ta'aziyya, da limami da jama'arsa, da duk gidan da ake daka a turminsa. Ku yi kukanku, kun yi rashi. Kun dai fi ni samunsa.

Malam Jibo, sauran maganar taka ce, na kuma sa Iliya ya karanta maka ita a waya. Na gaji da alkawarin da ba shi da rana, don haka ga rana. Lahadin ƙarshe ta Nuwamba muke godiyar girbi a majami'armu. Ka ƙarasa fafe turmin nan, hannunka ya san hannunsa, ka ɗora shi a mota ya iso Gummi kafin ranar. A cikinsa zan surfa geron da zan kai gaban Ubangiji. Fa'iza kuma zan zaɓa mata mafi kyau a kasuwar Gummi, da tabaryarsa, in kai mata da kaina ranar biki.

Idan Lahadin ta wuce ban ga turmi ba, ranar Litinin zan rufe gida, in saɓa gizagon Irmiya, in hau hanyar nan da na yi shekaru ina roƙonsa ya daina bi. Zan zauna a bakin bukkarsa in ƙarasa fafewar da kaina. Ban iya sassaƙa ba, zai ɗauke ni lokaci, kuma ku za ku ciyar da ni har in gama. In na gama, ba zan nemi mota ba sai na daka a cikinsa a tsakiyar garinku, kowace mace ta fito ta ji ƙarar nawa.

Tabita Irmiya Makau
Gummi