Jan zaren Inna a kasuwar kayan ordinatar

Mun tashi da asuba daga Tsibiri, ni da goggona, cikin adaidaita mai ɗauke da buhun gero da wata mata rungume da kaji. A jakata akwai jika ɗari da tamanin na sefa da na tara shekara biyu ina buga wa mutane takardu, sai wani guntun jan zare. Burina in haɗa ordinatar, wato kwamfuta, ta farko ta wasa. Akwai wasan da nake kallo a waya, inda mutum ke ratsa daji ana yayyafi, na daɗe ina son in taka dajin nan da kaina.

Akwatin da zan zuba kayan a ciki tsoho ne, kawuna ya ba ni, kuma ya yi nauyin ɗauka. Shi ya sa Inna ta auna tsawon cikinsa da zaren saƙarta, ta datse da haƙori. "Duk abin da ya fi wannan tsawo, ba naki ba ne," in ji ta.

An gama girbi, dammunan gero na jingine a gonaki kamar mutane masu jiran mota. Mun shiga Maraɗi rana na fitowa, muka karya da koko da ƙosai a Sabon Gari. Goggo ba ta san ordinatar ba, amma ta san ciniki, har mai ƙosai sai da ta yi mana gyara.

Shagon farko na wani dattijo ne mai gyaran ordinatar. Kayansa duk okaziyo ne, waɗanda aka taɓa aiki da su. Na yi mamakin yadda yake sunsuna kowane allo kafin ya miƙo mini. Wai wanda ya taɓa ƙonewa ba ya ɓoye warinsa. A wurinsa na sayi ƙwaƙwalwar na'urar da babban allon da take zama a kai da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi. "Ɗiyata, a garin nan wutar lantarki ke kashe ordinatar," ya ce. "Ki yi rowa ko'ina, ban da akwatin wuta, mai raba wa kayan lantarki."

A unguwar Zariya, cikin wani shago mai gilashi, na ga kat girafik, wato abin da ke zana hoton wasa. Fanka uku gare ta, da fitilu masu sauya launi kamar bakan gizo ya sauko ya kwanta. Na tsaya kallo har na manta da Goggo. Sannan na ciro zaren na shimfiɗa a kanta. Ta fi shi da yatsa uku. Na ja zaren kaɗan, ko zai tausaya mini ya miƙe.

"Madam, ai sai ki sayi sabon akwati," in ji mai shagon. "Ki rage a na wuta, akwai mai arha."

"Wato mu sayi sa, sannan mu rushe garke?" in ji Goggo. "Kai yaro, haka ka yi naka auren?"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Da na bi shawararsa, kuɗina za su ƙare a kan ado, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi kuma shekara biyuna su tashi hayaƙi. Na naɗe zaren, na sayi akwatin wuta mai kyau, muka fito ban waiwaya ba.

Dama dattijon nan ya kwatanta mana wani malamin lakkol, wato makaranta, a Jiratawa da ya rufe ɗakin wasansa yana sayar da kayan. Muka hau kabu-kabu biyu. Jiratawa kore ce shar, zogale ko'ina, ruwa na bin magudanai a hankali. Kat ɗin malamin ƙarama ce, fanka ɗaya, babu fitila ko guda. Ya kunna ta da tsakar rana a ɗaki mai rufin kwano, ya ce in ta jure wannan, za ta jure Tsibiri. Awa guda muna cin kwaɗon zogalen da matarsa ta kawo, Goggo na ɗora bayan hannu kusa da kat ɗin kamar mai duba zazzaɓin jinjiri. Da aka kashe na auna, zaren ya rufe ta har da ragowar yatsa ɗaya. Goggo ta rage jika biyar, ta kuma karɓo ƙunshin zogale gyara.

Mun dawo gida bayan la'asar. Washegari na haɗa kayan ɗaya bayan ɗaya, kat ɗin ta zauna cikin akwatin kawu daram. Na kunna wasan, dajin ya bayyana. Ganyensa bai kai na waya kyau ba, amma ƙafata ce ke tafiya a ciki.

Tafiyar nan ta koya mini in auna gidana kafin in auna sha'awata. Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallon yayyafin, sannan ta ce, "Ruwan nan, a gonar wa yake sauka?" Na matsa mata a tabarma, na ɗora hannunta a kan madannan.