Malam Bukar da lungun da waya ba ta sani ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsakar gida ina duba ragon sunan jikana, aka shigo aka ce mini Malam Bukar safiyo, mai awon filaye, ya rasu.



Shi ya koya mini karatu a ajin manya na yamma a Yakasai, ina da gemuna. Bai taɓa yi wa rubutuna dariya ba. Shekarar da soja suka miƙa mulki ya zo aji da wata 'yar na'ura, ya ce GPS ce, tauraron ɗan'adam ke gaya mata inda take. Ya auna ƙofar ajinmu sau biyu, ta ba shi wuri biyu. Muka kwashe da dariya. Ya ce, "Masu tauraron ne da kansu suka rage mata gani. Kayan aro ne. Ku yi aiki da ita, amma ku riƙe idonku."

Talatar da ta wuce, bayan Azahar, naƙuda ta zo wa 'yata Zainab da gardama. Mijinta ya tura wa direban motar asibiti lokeshan ɗin gidanmu ta waya. Waya ta kai direban bayan gidanmu, ga katanga, ba hanya. Yana ta kira, "Baba, waya ta ce na iso!" Ni kuwa ina ƙofar gida ba na ganin kowa, Zainab na ciki tana salati.

Malam Bukar, maƙwabcinmu ne, ya ji hayaniyar. Da sandarsa da ciwon ƙafarsa ya zagaya ya nemo motar, ya shige gaba a ƙasa har bakin lungunmu. Yana haki ya ce, "Alhaji, tauraro rufin gida yake gani, ba ya ganin ƙofa."

Likita ta ce da mun ƙara jinkiri, da wani labarin ake.

Da na je yi masa albishir ɗa namiji ne, cewa ya yi, "To, ɗalibi, a ajiye mini cinya."

Gobe suna. Uban yaron ya ce Abubakar za a sa.

Allah Ya jiƙanka Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya nuna maka hanya kamar yadda ka nuna mana. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Jana'iza bayan Azahar. Masu zuwa, kada ku bi waya. Ku tsaya bakin titi, ni zan fito in shigo da ku.