Fuskar Rifkatu da na ƙona

Yau da safe ina cikin wanke-wanke aka kira ni daga Gwarzo. Malam Bitrus ya rasu.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa, na gaji da riƙewa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malaminmu ne na zane a sakandare, mutumin kudancin Kaduna. Da ƙuruciyarsa ya zo Gwarzo, a nan ya tsufa, a wani ɗaki ciki da falo bayan kasuwa.

Zamanin tsuke bakin aljihu muka yi karatu a hannunsa. Alli ma gagara yake, balle fenti. Sai ya sa mu ɗebo jar ƙasa, mu daka gawayi, ya jiƙa bular wanki, ya haɗa da ƙaro. Takarda kuwa, buhun siminti ne. Mu yi ta dariya muna cewa Malam ya mai da mu 'yan gini.

Ni 'yar Garo ce ta Kabo, ba ni da kowa a Gwarzo. Duk Asabar matarsa sai ta aiko min da faten acca. Mai kawowa ita ce Rifkatu, 'yarsu tilo, wadda muke zama benci ɗaya. Ga wushirya, ga surutu kamar rediyo.

Wata rana na zana ta a littafina tana gwaguyar goruba. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, "Saude, kin fi ni hannu. Ki adana wannan."

Da aka yi hutu, ita da mamanta suka tafi garinsu, shi ya tsaya yana makin jarrabawa. Rikici ya tashi a can. Ba su dawo ba. Hotunan gidan kaf suna jakar maman, ta tafi da su ta nuna wa dangi, wuta ta haɗa har da su.

Sau ɗaya ya je garin bayan rikicin, bai sake ba. Ya taɓa ce min, "Can ba wanda ya rage min, nan kuma har gobe baƙo ake ce min. Ina zan je?"

Daga nan zanensa ya canja. Ban taɓa ganin ya zana bindiga ko jini ba. Silifas wari ɗaya a bakin rijiya. Tukunya a kan murhu ba mai sauke ta. Ƙofa a buɗe, akuya ɗaure a turke. Na ce, "Malam, ina faɗan yake?" Ya ce, "Ban gani ba, 'yata. Abin da na tarar shi nake zanawa."

Da shari'a ta zo, shugaban makaranta ya ce a bar zanen mai rai. Malam bai yi musu ba, dama shi mutane sun daɗe da fita daga zanensa.

Ni ce mai zafin kai. Lokacin na yi aure, ina zuwa Islamiyya, jina nake kamar na fi kowa tsoron Allah. Na kwaso littattafan zanena na cusa a murhu. Wallahi ba wanda ya sa ni. Sai da wuta ta kama na tuna wa ke ciki, kuma na tsaya ina kallo.

Kada wani ya juya min magana, ba addinina nake zargi ba. Da na tambayi malamin Islamiyyarmu, mai yiwuwa cewa zai yi in kai wa uban Rifkatu zanen. Ban tambaya ba.

Bayan wasu shekaru muka haɗu a tasha. Muka gaisa, ya tambayi yara, sannan a hankali ya ce, "Littafin nan naki yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Baba. Zan nemo."

Wayyo ni. Wannan ƙaryar ita ta ɗaure ni har yau. Yau in ce yana Garo, gobe in ce yana akwatin Inna, makulli ya ɓata. Har ta kai in za ni biki Mainika ko Unguwar Tudu sai in ja mayafi in duƙar da kai a mota da mun shigo Gwarzo, don kada in gan shi a bakin titi. In faɗi gaskiya na kasa, in sake zanawa kuma fuskar ba ta zuwa.

Ganina da shi na ƙarshe da daminar nan ne, da na ji ba shi da lafiya. Ya rame, idon ma ya yi rauni, amma sai da ya sa aka sayo min lemo. Da zan tafi ya ce, "Saude, fuskarta tana gudu na. Wushiryar ce kawai ta rage."

Na buɗe baki zan faɗa masa. Abin da ya fito shi ne, "Zan kawo, Baba."

Ya ce, "Ba gaggawa."

Malam Iro tela, maƙwabcinsa, shi ya kira ni yau, shi ya yi jinyarsa har ƙarshe. Ya ce akwai wani zane a bango, a kan buhun siminti. Yarinya ce zaune da kayan makaranta, goruba a hannunta. Wurin fuska an bar shi fayau, an auna daidai shafin littafi, an kafa ƙananan ƙusoshi huɗu suna jira. A ƙasa ya rubuta da gawayi: Saude za ta kawo.

Tun safe fensir ke hannuna. Na zana wushirya, na tsaya.

Jibi za a binne shi a Gwarzo. Don Allah 'yan ajinmu, duk wadda ke da tsohon hoto da Rifkatu a ciki, ko a layin baya take, ko ya dushe, ta turo min ta inbox kafin jibi. Ku yi sharing ya kai ga sauran.

Wanda kuma zai zo min da fatawa a comment, ya bari sai an binne shi.

Ya Allah, Kai ka san abin da bawan nan ya ɗauka shi kaɗai, lamarinsa yana hannunka. Ka kashe wutar fitina a ƙasarmu, kada wani uba ya sake neman fuskar 'yarsa ya rasa. Ni kuma Ka yafe min.

Ku taya ni da addu'a, kowa yadda aka koya masa a gidansu.