Malam Tamimu Dabo da Ƙuncin Watannin Sanyi

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Tamimu a garin Haɗeja cikin shekarar 1968, ɗa ne ga Alhaji Dabo maɗinkin hula da maiɗakinsa Balaraba. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha uku, ya kammala sakandaren Larabci a Kano a 1988, kuma saboda fifikon da ya nuna a nahawu aka ba shi gurbin karatu kyauta a wata jami'a da ke Riyad, inda ya isa a watan Satumba na 1990.

Farkon lalurar

A Disambar wannan shekara, lokacin da sanyin yankin Najdu ya kankama, rana ta koma faɗuwa tun ƙarfe biyar, wani ƙunci ya sauko masa wanda bai san mafarinsa ba. Barci ya yi masa yawa, littafi ya gagare shi, ya daina fita cin abinci tare da sauran ɗalibai. Da Maris ta kama sai ya warware sarai, kamar ba shi ba. Haka abin ya riƙa dawowa kowace shekara, kuma jarrabawar zangon farko a tsakiyar sanyin take faɗowa. Da ƙyar ya gama digirin farko a 1996, yana faɗuwa a Janairu yana zuwa na ɗaya a Yuni. A digiri na biyu ya rubuta babi huɗu cikin biyar na kundinsa, sannan wa'adin karatun ya cika masa a Fabrairun 2000 yana kwance, aka janye tallafinsa. Malamin da ke duba aikinsa ya rubuta a rahotonsa cewa ɗalibin haziƙi ne amma malalaci.

Aiki da iyali

A 2001 wani kamfanin gine-gine a unguwar Ulaya ta Riyad ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa kan izinin zama, ya ɗauke shi tafinta tsakanin leburori Hausawa da shugabanninsu, aka ba shi tebur a wani ɗaki na ƙarƙashin bene wanda ba shi da taga. A 2002 ya auri Safiyatu, 'yar wani direba mutumin Maraɗi, suka kama gida a unguwar Al-Oud, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

Safiyatu ce ta fara lura cewa ciwon yana da lokaci, domin tun ƙarshen Nuwamba takan ga ya daina tanka wa yara. An yi masa ruƙiyya sau bakwai a shekara takwas, an ce sammu ne, an ce aljani ne. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne tsohon abokin karatunsa, Malam Zayyanu, wanda ya zama jagoran majalisin Hausawan unguwar, ya kuma ce masa a gaban jama'a: "Mai tawakkali ba ya baƙin ciki babu dalili. Ka duba imaninka, Malam." Tun daga ranar aka daina gabatar da shi limanci ko a sallar da ba ta wuce mutum biyar ba.

Gano ciwon

A Janairun 2014, bayan ya yi kwana goma sha ɗaya bai je aiki ba, kamfanin ya sallame shi. Safiyatu ta kai shi wurin wani likita ɗan Sudan, wanda ya saurari tarihin watannin, ya ce wannan baƙin ciki ne na yanayi, sananne ne, yana da alaƙa da gajartar yini da ƙarancin haske, kuma yana da magani. An ruwaito cewa Malam Tamimu ya ce: "Shekara ashirin da huɗu, likita. Da ma yana da suna?"

Aka ɗora shi a kan magani, aka umarce shi da tafiyar ƙasa cikin hantsi da zama kusa da fitila mai ƙarfi da safe, da kuma guje wa kaɗaici. Ciwon bai rabu da shi ba, amma ya yi sauƙin da yake iya tashi ya nemi abinci. Ya sami sabuwar iƙama, wato izinin zama, a matsayin direba a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, aikin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun ƙarshe

Daga 2016 ya riƙa tara masu irin lalurarsa kowace safiyar Juma'a ta sanyi, suna takawa a kwarin Wadi Hanifa har rana ta ɗaga. Ba su taɓa wuce mutum tara ba, akasarinsu direbobi da masu gadi. Ya rubuta bayani mai shafi goma sha biyu da Hausa, ya nemi izinin karanta shi a majalisi, aka hana, aka ce zai koya wa matasa raki. Babban ɗansa Umair, wanda ya tashi yana jin ana kiran uban nasa malalaci, ya bar Riyad a 2021 bayan ya ce masa: "Baba, ciwonka bai taɓa hana ka barci ba, aiki kawai yake hana ka." Ba su sake magana ba.

Rasuwa

Malam Tamimu ya rasu da ciwon huhu ranar Talata, 16 ga Janairu 2024, daidai da 4 ga Rajab 1445, yana da shekara hamsin da biyar. An sallace shi bayan La'asar, aka binne shi a Riyad. Abokan tafiyarsa ta Juma'a ne suka ɗauki makarar. Malam Zayyanu ya yi jawabi a zaman makoki, ya yabi haƙurin marigayin, bai ambaci ciwon ba.

Ya bar matarsa Safiyatu da 'ya'ya huɗu: Raliya, mai aure a Jidda, Fatimatuzzahra da Mubina, da ke gaban mahaifiyarsu, da Umair, wanda ke aiki a wani birnin Turai mai dogon sanyi, kuma bai sami halartar jana'izar ba. A Disambar da ta biyo baya Umair ya kira mahaifiyarsa, ya ce mako uku ke nan bai iya fita daga ɗaki ba, ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, ya tambaye ta ko shafukan nan goma sha biyu suna nan. Allah ya jiƙan Malam Tamimu, ya yalwata masa kabarinsa.